Fuskar da ke Bayan Amawali: Jawabin Buɗe Hoton Sarkinmu na Farko

  

 

Da yawa daga cikinku kun san muryata, ba ku san fuskata ba. Yau shekara ashirin ke nan ina magana da ku ta gidan radiyo, ina karanta muku sanarwar aure da ta suna da ta rasuwa, ina gabatar da shirin tarihin ƙasarmu. Sana'ata ji ce. To amma Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma wannan karin magana ya kama ni da girmana. Kwamitin shirya bukin cika shekara ɗari da kafuwar wannan sarauta ya umurce ni da in bayyana muku yadda aka yi hoton da ke bayana lulluɓe da farin ƙyalle ya samu, da yadda mai baki ya koma mai buroshi. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku kamar yadda kuka saba.

A shekarar 2022 na shigo fada don naɗar hira da dattawa. Bayan mun gama, aka buɗe mini wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da ake ajiyar takardu. A ƙarƙashin wasiƙun ajami da rasiɗan haraji na zamanin Turawa na tarar da hoto guda, faɗinsa santimita 10, tsawonsa 15. Aka ce mini wannan shi ne Sarkinmu na farko, kuma duk duniya ba a san da wani hotonsa ba bayan wannan. Gara ta ci kusurwa ɗaya, laima ta mayar da takardar ruwan goro, fuskar kuwa ta dushe kamar rubutun allo da aka fara wankewa. Na tsaya ina dubansa jikina ya yi sanyi. Mutumin da maroƙa ke yi wa kirari kowace Juma'a, wanda kowane yaro a garin nan ya san sunansa, ga shi yana ɓacewa a cikin akwati ba wanda ya sani.

Da izinin Mai Martaba na kai hoton wani shagon masu hoto a birni. Suka sa shi a kwamfuta, suka girmama shi, suka ce sun gyara. Abin da suka miƙo mini kyakkyawan mutum ne mai sulɓin fuska, amma ba namu ba ne. Na'urar ta cike guraben da ba ta gani da fuskar da ta ga dama. Daga ranar na fahimci cewa wannan aiki yana bukatar hannun mutum, wanda zai iya zama gaban tsofaffi ya tambaya, ya saurara, ya goge, ya sake. Na nemi mai yi ban samu ba. Ni kuwa tun ina lise ba ni da aiki sai zanen fuskokin malamai a gefen littafi, har na sha horo a kan haka. Sai na ce wa raina, bari in gwada.

Kafin in taɓa komi, sai da na je gaban Liman, domin na san zancen hoton mai rai zance ne da malamai suka yi magana a kansa. Ya bayyana mini cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka tsananta a kansa shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa, amma zane a kan takarda ko ƙyalle ba a kai shi wannan matsayi ba, ko da yake akwai malaman da ke ƙinsa, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Ya gindaya mini sharaɗi biyu: kada a rataya shi inda ake salla, kuma kada a bari kowa ya mai da shi abin neman albarka. Na karɓa, kuma ina maimaita sharuɗɗan nan a gabanku don su zama amana a wuyanmu duka.

Malamina a wannan sana'a wani tsoho ne da ke da rumfa a bayan tashar mota. Ya yi shekara arba'in yana rubutu da zane a jikin manyan motoci da allunan masu aski da ƙofofin shaguna, amma a ƙuruciyarsa ya zauna Abijan, inda ya koyi zanen fentin mai a hannun wani gwani. Da na faɗa masa bukatata sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ke son zana Sarki, ka iya zana ƙwai?" Na yi dariya. Shi bai yi ba. Wata biyu na yi ina wanke masa buroshi da sabulu. Wata shida na yi da gawayi a hannu ina zana ƙwan zabo da ƙwarya da tulu, yana matsar da su daga haske zuwa inuwa. Na ce, "Maigida, buki fa yana matsowa." Ya ce, "Buki ya san da kai, fenti bai san da kai ba."

A wannan lokaci ne na gane cewa yawancinmu ba mu kallon abu, saninsa kawai muke yi. Tambayi kowa inda ido yake, zai ce maka can sama kusa da goshi. Alhali idan ka auna daga tsakar kai zuwa haɓa, idanu a tsakiya suke. Tazarar da ke tsakanin ido da ido kuwa kimanin faɗin ido guda ce. Waɗannan ma'aunai na kowa da kowa ne, kuma mai zane yana koyon su ne don ya gane inda fuskar wane ta saɓa musu, domin a wannan ɗan saɓanin kama take.

Sannan muka shiga fentin mai. Shi wannan fenti garin launi ne da ake kwaɓawa da man ƴaƴan wani tsiro da ake kira lin. Masu zanen ƙasar Flandar, a Beljiyam ta yau, irin su Jan van Eyck, su suka kai shi ga ƙwarewa a ƙarni na 15. A da masu zane kan niƙa launinsu a kan dutse kamar yadda ake niƙan lalle, a 1841 kuma wani Ba'amurke ya ƙirƙiro ƴan bututun da ake matsawa, irin na man goge haƙori. Nawa sai da na yi saƙo aka kawo mini daga Yamai, wasu daga Kano. Sirrin man lin shi ne yana shan iska ya daskare ya zama kamar fata. Ni da na tashi a ƙasar gyaɗa, da man ya ƙare mini wata rana sai na ce ai mai mai ne, na tsiyayo man gyaɗa daga madafa na kwaɓa. Wata uku zanen nan yana danƙo, ƙuda da ƙura suka mai da shi gidansu. Maigida ya ce in rataya shi a ɗakina in riƙa gaishe shi kowace safiya. Man gyaɗa ba ya bushewa, ko shekara zai yi.

Ƙyallen ma ba a hawansa haka nan. Kafinta ya haɗa mini firam na icce, mita ɗaya a mita ɗaya da rabi. Muka ja ƙyalle mai kauri a kai muka buga ƙusoshi har yana ƙara kamar ganga, muka shafe shi da gam don kada mai ya ci zaren, sannan muka bi shi da farin shafi sau uku, muna gogewa tsakanin kowane shafi. Na ja layuka a kan kwafin tsohon hoton, gida-gida, kowane gida santimita ɗaya, na ja irinsu a ƙyalle kowane gida santimita 10, na riƙa kwashe abin da ke cikin ƙaramin gida ina zubawa a babba da gawayi. Bayan haka aka shimfiɗa hoton duka da launin ƙasa guda ɗaya, tsararo, don a raba haske da duhu kafin a sa kowane launi.

Akwai doka guda da ba a karya ta: shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. In aka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa, bayan ƴan shekaru hoton ya tsattsage kamar bakin tabki da rani. Magina sun san irin wannan, ba a ɗora sabon yaɓe a kan ɗanyen gini. Kowane shafi sai an ba shi kwanaki. Da hunturu kuwa, in buji ya taso, sai in juya hoton ya fuskanci bango, in toshe taga da jiƙaƙƙen buhu, domin ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan.

Launuka uku suka fi ba ni wuya. Na farko fatar jikinmu. Muna ce wa kanmu baƙaƙe, amma wanda ya zana fuskar Bahaushe da baƙin fenti ya zana gawayi. A cikin fatarmu akwai jar ƙasa, akwai ruwan makuba, akwai ɗorawa, kuma a goshi da karan hanci akwai shuɗin sama da ke sauka a kai. Na biyu farar riga. Ba a zana ta da fari zalla, sai a ƴan wuraren da haske ya buga. Sauran duk toka-toka ne da shuɗi-shuɗi da hasken ƙasa da ke komowa cikin naɗin. Aikin allura na gaban rigar, aska takwas, ban ƙirga zarensa ɗaya bayan ɗaya ba, Maigida ya hana ni. Ya ce in zana abin da mai gaisuwa ke gani daga inda yake durƙuso. Na uku shi ne baƙin rawani ɗan Kura, wanda aka rina da shuni aka buga har yana walƙiya. Sai da na shimfiɗa shuɗi mai duhu, na bari ya bushe, na bi shi da siraran shafi masu ɗan ja har sau biyar, kana ya fara wannan ƙyalli da muka sani.

Ranka ya daɗe, duk wannan sana'ar hannu ce, kuma mai haƙuri yana iya koyon ta. Abin da ya fi ta nauyi shi ne sanin me ake nufi da hoton sarki. A littafin tarihinmu na lise akwai hoton Sarkin Faransa Luwi na 14, wanda Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701, yana gidan tarihi na Luvur a Paris. Tsawonsa ya kusa mita 3. An yi shi ne don a aika wa jikansa da ya zama Sarkin Spaniya, amma da aka ga kyansa sai aka riƙe shi. Sarkin ya haura shekara 60 a lokacin, kuma mai zanen bai ɓoye tsufan fuskarsa ba, amma ya tsayar da shi cikin alkyabbar mulki, takobi a kwiɓi, sanda a hannu, kambi a gefe. Fuskar ma a wani ƙaramin ƙyalle dabam aka zana ta, aka ɗinka a jikin babban, don kada a wahalar da Sarki da doguwar tsayuwa. Ke nan hoton sarki abu biyu yake ɗauke da su, mutumin da Allah ya halitta, da sarautar da aka naɗa masa.

Kada kuma a zaci abin na Turawa ne su kaɗai. Sarkin Daular Usmaniyya Muhammadu na 2, wanda ya ci Istambul a 1453, ya nemi a aiko masa da mai zane daga birnin Venis. Aka aiko masa da Gentile Bellini, ya zana shi da rawaninsa a 1480, kuma hoton yana nan har yau, mallakar wani gidan adana zane a Landan. A nan kusa da mu, a Fumban ta ƙasar Kamaru, Ibrahim Njoya ya zana jerin sarakunan Bamun a takarda a ƙarnin da ya wuce, shi ya sa jikokinsu ke da abin nunawa.

Sai dai namu sarakunan sun bambanta. Sarkin Faransa ya fito da ƙafarsa waje don a gani. Namu kuwa ya ja amawali ya rufe baki da haɓa, domin a wurinmu kwarjini yana cikin suturtawa da ƙarancin magana. Riga ta rufe jiki, alkyabba ta rufe riga, rawani ya rufe kai. Abin da ya rage wa mai zane bai wuce faɗin tafin hannu ba: idanu, gira, karan hanci, saman kumatu, sai kuma hannuwa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni rabin fuska aka ba ni in tambaya, ita ma ta dushe.

Sarautar ba ta yi mini wuyar samu ba. Mai Martaba ya sa aka fito da alkyabbar marigayi da sandarsa, wani jikansa mai irin ƙirarsa ya riƙa sa su yana zama mini a soro kowace Alhamis da hantsi, har sau goma sha biyu. Ina gode masa, domin zaman awa biyu cikin alkyabba a watan Afrilu ba ƙaramin jihadi ba ne. Da na gama, fadawa suka gani suka yaba. Na ji kaina ya yi girma. Maigida ya ce, "Yabon wanda bai san shi ba, ba shaida ba ne. Wa ya rage da ya gan shi da idonsa?"

Mutum ɗaya ta rage, ɗiyarsa ta auta, gwaggon Mai Martaba, wadda ta haura shekara casa'in. Muka ɗauki hoton muka shiga da shi cikin gida. Aka zaunar da ita, aka kawo shi kusa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ka yi ƙoƙari. Wannan Sarki ne. Amma ba mahaifina ba ne."

Jama'a, na sha jin maganganu masu zafi daga masu saurare, amma ban taɓa jin wadda ta zaunar da ni kamar wannan ba. Na yi niyyar in bar hoton yadda yake, tun da ba mai ganewa sai ita. Kwana uku ina wannan tunani. Abin da ya hana ni shi ne, in na yi haka, me ya raba ni da kwamfutar da na raina? Da na ba garin nan baƙo na ce kakansu ne, kuma bayan shekara hamsin ba sauran mai ƙaryata ni.

Na koma wurinta da na'urar naɗar magana, na yi abin da na iya, wato tambaya da saurare. Na ce, "Ranki ya daɗe, ina na kuskure?" Zama bakwai muka yi. Ta ce idonsa na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, saboda ciwon da ya yi yana yaro. Ta ce ƙarshen tsagen gidansu yana leƙowa a saman amawali, ni kuwa na ɗauka tabon laima ne a tsohon hoton na share. Ta ce ba ya ɗaga haɓa kamar yadda na yi shi, sunkuyar da kai yake kaɗan ya dubi mutum ta ƙasan gira, kamar mai jiran a ƙarasa magana. Ta ce ba ya damƙe sanda, jingina ta yake a kafaɗa, tasbaha ce ba ta barin hannunsa. Na koma ga tsohon hoton da gilashin ƙara girma, sai ga yawancin abin da ta faɗa yana nan, ni ne ban gani ba, domin na zana sarkin da ke cikin kaina.

Na kankare fuskar da hannun dama, na sake su. A nan na gode wa Allah da fentin mai, domin yana karɓar gyara. Wata huɗu aikin ya ci. Ranar da muka mayar mata da shi, ta duba, ta gyara lulluɓinta, ta kau da kai gefe. Can ta ce, "Shi ne. Haka yake duban mu in mun yi ɓarna." Yanzu haka tana cikin gida tana sauraren wannan taro ta radiyo. Hajiya, hannu nawa ne, amma idanun naki ne. Allah ya saka miki da alheri.

A bayan ƙyallen na rubuta da boko da ajami abin da na ɗauko daga tsohon hoto, da abin da na ji daga bakin Hajiya, da abin da na cike da zatona, kamar launin shimfiɗa da bangon soro. Na yi haka don kada na baya su ɗauki zato a matsayin tarihi.

Ranka ya daɗe, ina da roƙo uku. Na farko, a kula da wannan hoto. Kada a rataya shi inda rana ke bugawa ko inda hayaƙin turare ke tashi, kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a bar tazara tsakaninsa da bango saboda gara da laima. Man kariya da ake shafawa a ƙarshe ban sa ba tukuna, domin sai fenti ya yi aƙalla wata shida yana bushewa. In lokacin ya yi zan zo in shafa.

Na biyu, ga jama'ar gari. Kowane gida yana da adaka irin wadda na buɗe. Ku fito da hotunan iyaye da kakanni, ku kai su gaban tsofaffinku tun suna da rai, ku rubuta suna da shekara a baya da fensir, a ɗauki kwafi a ajiye a fada. Da na makara da shekara kaɗan, da ba mai ce mini na yi kuskure.

Na uku, Maigidana ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, kuma ni kaɗai ne almajirin da ya koya wa fentin mai. A cikin ƴan lakwal na garin nan akwai masu zane a gefen littafi suna shan horo kamar yadda na sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon fada da masu hali su ɗauki nauyin yara ko da biyar ne, maza da mata, su zauna gabansa. Ina kuma roƙon Mai Martaba ya ba ɗaya daga cikinsu zama, a zana shi yana raye da lafiyarsa, don kada wanda zai tsaya a nan ranar bukin shekara ɗari biyu ya sha wahalar da na sha.

Allah ya ji ƙan Sarkinmu na farko da waɗanda suka biyo bayansa, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni.

Yanzu, Allah ya ba ka nasara, ina roƙon ka taso ka yaye wannan ƙyalle da hannunka, jama'a su ga kakansu.